Jabanar Malam Balarabe

Da ɗan yatsa ɗaya Malam Balarabe ya ture finjalin gahawar zuwa bakin faranti, a hankali, kamar kada finjalin ya ji haushi. Ni kaɗai na gani, don ni na kawo farantin, kuma in akwai baƙo ido ne nawa, ba baki ba.

Daga Kano ya zo, zai wuce Umra. Jirgi ya sauke shi da asuba, wani zai ɗauke shi bayan isha'i. Ya nemo gidanmu a Jabal Awliya ne saboda mahaifinsa da mahaifin kakata, Haboba Mero, tare suka taso a ƙafa za su Makka, shekara sittin da wani abu ke nan. Namu ya tsaya a nan ya zama masunci. Nasa bai koma gida ba.

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da Larabci, saboda haka tun da ya taka ƙasar Sudan ya ajiye Hausa. Muna yi masa Hausa, yana mayar mana da Larabcin littafi. Bayan azahar ya gyara zama a inuwar dalbejiya, ya ce:

"Uridu an azhaba ilal jabbana." Wato yana so a kai shi jabbana.

Kawu Muntasir ya buga cinya. "Kun ji? Kamar mai karanta labarai a talabijin! Jabana yake so. Ta Mayada ba ta yi masa ba."

Mayada ni ce. Jabana kuwa ita ce gahawarmu mai citta, wadda ake zubowa daga ɗan tulun ƙasa.

"Sai Khartum," in ji Kawu. "Bakin Nilu, kujera a inuwa, iska na kaɗa ka. Akwai wata mai shayi da na sani, in ta dafa maka, sai ka manta sunanka."

Malam ya ɗan zabura.

Inna Karima, yayar Kawu, ta ajiye tsintsiya. Shekara ashirin tana aure a Omdurman, kuma ba ta yarda a yabi Khartum a gabanta. "Ya zol, kai wannan mutum, ji tsoron Allah. Khartum gari ne? Ofisoshi ne aka jera. Malam, jabana ta gaske tana Omdurman. Duk manyan mutane can suke kwana a kanta."

"Na'am, na'am," in ji Malam da Larabcinsa, fuskarsa ta saki. "Can manya suke kwance."

"Ka ji ko!"

"Yaya, yau Alhamis," Kawu ya ce. "Kin san gadar Nilu da la'asar? Mutum ya shiga da baƙin gashi ya fito da furfura. In ya haye Omdurman, ba Khartum sai filin jirgi. Gari ɗaya zai gani, ya zaɓa."

Wannan kam gaskiya ne. Malam ya duba agogo, ya shafa aljihun gaban rigarsa, inda wata tsohuwar takarda naɗe a leda ta leƙo. Karo na huɗu ke nan da ya shafa ta.

"Abi..." ya fara, wato mahaifina.

"Allah sarki, shi ma yana sonta?" in ji Inna. "Gado ne ashe."

"Yana cikinta," in ji Malam, da Larabcin dai.

"Haka suke, wallahi! Mijina ma kullum yana cikinta, safe da yamma."

Malam ya mayar da ido kan finjalin. Baƙo ne, ba zai gyara wa masu gida magana ba. Ni kuwa shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta Larabci, kuma kunnena ya ji abin da nasu bai ji ba: yana danna "ba" ɗin sau biyu. Jabbana, ba jabana ba. A littafi, makabarta ke nan. Mu a nan magabir muke cewa, ba wanda ke amfani da waccan kalmar.

Na buɗe baki, Kawu ya ce, "Mayada, ƙaro ruwa." Na ƙaro. Na dawo na tarar sun kai ga wane gari ya fi ƙura. Sai na rubuta kalmar a wayata, na ɗora mata shadda, alamar danna harafi, na miƙa wa Malam tare da kofin ruwa. Ya duba, ya dube ni, ya gyaɗa kai sau uku.

Mutum ɗaya ce za ta san kabarin: Haboba Mero, da ke kan gadon igiya tana jan carbi. Matsalar ita ce Haboba ba ta ji sai an yi ihu, ni kuma ko malamina ban taɓa ɗaga wa murya ba.

Na durƙusa a kunnenta. "Haboba, makabarta yake so."

"Makaranta?"

"Makabarta."

"Wa zai koma makaranta da wannan gemun?"

Na rufe ido. "MAKABARTA!"

Har kajin gidan suka tsaya. Kawu ya dubi finjalin da ba a taɓa ba. Inna ta dafe baki. Na ce to, an gama.

"In makabarta ce," in ji Kawu, "ai ta Khartum ta fi tsari. Ga bishiyoyi."

"Bishiyoyi!" in ji Inna. "Tamu akwai waliyyai!"

"Taku ko wurin ajiye mota babu."

"Matattu ne za su ajiye motar?"

Haboba ta jawo hannuna. "Wai ɗan wa ne? Na zaci mai neman taimakon masallaci ne."

Malam da kansa ya matso, ya durƙusa, ya zaro takardar, wasiƙar mahaifinsa ta ƙarshe. Karo na farko ya yi Hausa, da ƙarfi yadda za ta ji. "Hajiya, ni ne jaririn da aka bari a Kano."

Ta daɗe tana kallon goshinsa. "Goshin Ɗantani ne," ta ce. "Mai tari. Ni nake kai masa kunu." Ta nuna yamma da carbinta. "Omdurman. Makabartar Hamad al-Nil, bayan ƙubba, wajen da rana ke faɗuwa. Babana ya kafa masa baƙin dutse, an rubuta Kano da ajami. Mayada, tsayar da mota. Ku bi ta kan dam ɗin garin nan, ku bar musu gadarsu."

Na lallaɓa waje, na tare wata ƙaramar mota ta haya. Daga bakin ƙofa ina hango tsakar gida. Inna ta ɗaure mayafi a ƙugu tana lissafa shehunnan Omdurman da yatsu, Kawu yana rantsuwa cewa ko shi ne ya mutu, a Khartum za a sa shi.

Malam Balarabe ya mayar da takardar aljihu. Ya ɗauki finjalin nan da ya huce, ya kurɓa sau ɗaya don kada a ce ya ƙi abin gidan, ya yatsine fuska. Sannan ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi ta bayan dalbejiya, ya fito.