Casa'in da Bakwai Cikin Ɗari

Aikina a ɗakin gwajin iri ba wani abin a zo a gani ba ne. In jiƙa takarda a ƙaramin faranti, in jera ƙwayoyin ciyawa ɗari da hantsaki, in rufe, bayan kwana bakwai in ƙirga nawa suka tsiro. Idan maganin feshi ya yi aikinsa a gonar alkama, 'yar ciyawar da ta sha da ƙyar takan bar iri shafal, ko goma ba sa fitowa.

Da na ɗauko farantin gonar yayana, sai na ƙura masa ido. Saiwoyi sun cika shi fari fat, har sun ɗaga murfin. Sau uku ina ƙirgawa, casa'in da bakwai.

Shugabarmu ta gyara tabarau, ta murza ƙwaya ɗaya a tafin hannunta.

"An fesa gonar nan kuwa?"

"Sau biyu, ranki ya daɗe."

"To ciyawar ta saba da maganin. 'Ya'yanta ba za su ji shi ba. Dubi ƙibarsu, da su da alkama duk ɗaya. Ba iskar sheƙa ba, ko rariya ba za ta raba su ba."

Na san dalili. Yaya mutum ne mai ganin ya fi kowa wayo. Shekara huɗu ke nan yana zuba rabin murfin kwalbar maganin inda aka rubuta murfi ɗaya, in na yi magana ya ce ai ciyawa ba ta iya karatu ba. Kuma daga rumbunsa maƙwabta duka suke ɗibar irin shuka, don sun ji ƙanwarsa ce mai gwaji. Tsoro ya kama ni sosai, na ɗauki waya na kira shi.

"Yaya, kana ina?"

"Ina gona, malamar ciyawa. An samu wani laifin nawa ne?"

"Don Allah alkamar nan ta bana, kada ka ba kowa. Ko tiya ɗaya. A niƙe ta a ci, amma kada ta taɓa ƙasa."

Ina jin ƙarar tarakta a bayansa, da muryoyin mutane suna raha.

"Yaya?"

"Ina jin ki," ya ce, dariyar ta bar muryarsa. "Gida goma sha tara na raba wa. Na ce musu kin duba. Yau kwana uku da suka gama shuka, gonar Baba ce kawai ta rage, ita muke rufewa yanzu."