Kunyar Ɗan Fari

Ma'u na tankaɗen garin tuwo a tsakar gida, la'asar ta kawo jiki, sai Sadiyya matar maƙwabcinsu ta yi sallama. Ta durƙusa ta jero gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, ya zafi, ya ƙafar da ke ciwo. Amma idonta sai yawo yake, daga bakin ɗaki zuwa gindin randa.

"An dawo daga sunan Ƙofar Sauri ke nan," in ji Ma'u. "To ina angona? Ko ya samu wata can ya manta da tsohuwa?"

Siddiq take nufi, ɗan Sadiyya na fari, mai shekara uku, wanda kusan kullum a gidan Ma'u yake wuni.

Sadiyya ta ɗago kai. "Inna, ba shi nan?"

"Nan ina? Ba tare kuka tahi ba?"

"Tun azahar muka dawo. Na ɗauka nan ya shigo."

Ma'u ta saki rariyar, ta fita ko mayafi babu. Suka leƙa shagon Ado, suka shiga gida uku. A dawowa ne idonta ya kai kan motar Malam Garba, uban yaron, tana tsaye a rana a ƙofar gida. Ya kulle ta ya wuce kasuwa da makullin a aljihu. Ma'u ta kafa fuska a gilashi, ya ƙona mata goshi. A ƙasan kujerar baya ta hango ƙafa da ɗan takalmi.

Da taɓarya ta fasa gilashin. Zafin da ya fito kamar an buɗe tanderu. Ta ciro yaron, sabuwar shaddarsa ta jiƙe sharkaf, wuyansa ya langaɓe. A asibiti aka ce ya daɗe da cikawa.

Kwana uku ana zaman makoki, Sadiyya ba ta zubar da hawaye gaban mutane ba. Mata na ta yabo: "Kai, yarinyar nan akwai dauriya." Ma'u ta gaji da jin wannan magana.

Da mutane suka ragu, ta samu Sadiyya a ɗaki tana ninke kayan yaron.

"Mu bakwai ne a motar, Inna," Sadiyya ta ce, muryarta a dishe. "Kowa ta sauka da ƙullinta. Ni na lura ba shi cikin waɗanda suka sauko. Na lura. Amma uwar mijina na tsaye, ga ƙannenta. Ta yaya zan buɗe baki in ce ina ɗana? Sai na ce a raina wata ta sauke shi ya rugo wurinki."

Ma'u ta zauna a bakin gado. Ita ce, tun Sadiyya na jego, ta zaunar da ita ta koya mata: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nemansa gaban surukai. Har alfahari take da ita a unguwa.

"Ni na koya maki," ta ce. Can kuma ta ce, "Kira sunanshi."

Sadiyya ta girgiza kai.

"Ba kowa nan sai ni. Kira shi."

"Siddiq," in ji Sadiyya, a hankali, kamar mai gwada sabon abu a baki. Ta sake faɗa. A na uku kukan ya ɓalle.

Shekara biyu ke nan. Ƙafar Ma'u ta ƙara nauyi, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Amma kullum in rana ta take, sai ta jawo mayafi ta bi lungunsu na Ƙofar Marusa, tana dafa bango. Duk motar da ta tarar a tsaye sai ta kare ido da tafukanta ta leƙa kujerar baya, ta leƙa ƙasa. Masu motocin sun daina yi mata magana. Da yamma sukan sa gefen riga su goge shatin hannunta daga gilashi.