Jinin Mahauci

Babanmu mahauci ne, don haka ba mai koya masa komai game da jini. Da aka yanke masa rabin huhu saboda ciwon daji, yana farfaɗowa ya fara tsokanar ma'aikatan jinya, wai ɗinkinsu bai kai na matarsa kyau ba. Duk safiya in an zare masa allura, sai ya ɗaga audugar ya nuna mana.

"Kun gani? Ko ɗigo. Dabba mai lafiya ce jininta ke kamewa nan take."

Inna ta yi ta hamdala. Ni ma haka, har ranar sallama da likitan ya tsayar da ni a baranda. Ya ce akwai awon da ke nuna yadda jini ke dunƙulewa a cikin jijiya. Na Baba ya hau tun kafin a yi masa aikin, kuma ya ƙi sauka. Ga masu irin ciwonsa, hakan kan nuna cutar za ta dawo da wuri.

"Ka tabbata?" na ce.

"Ban tabbata ba. Amma da mahaifina ne, ba zan yi nisa da shi ba."

Na ji haushin mutumin nan har wuya. Shi ina ruwansa? Bai san na samu aikin koyarwa a gari mai nisa ba, bayan shekarun da na yi ina zaman jira, kuma in ban je a makon nan ba wani za a ba. Baba kuwa ya gama shelanta wa duk kasuwa cewa na samu aiki.

Ranar tafiya jakata na bakin ƙofa. Baba na zaune a kujerarsa yana wasa wuƙar da likita ya hana shi taɓawa, Inna na kicin tana soya mini guzuri.

"Auta, tashi mana, mota ba ta jira. Kin tsaya kina kallona kamar naman da ya kwana."

"Na fasa, Baba. An ce ɗakin da za su ba ni yoyo yake yi."

Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana dubana, ni kuwa tsoro ya hana ni ɗaga kai.

"Uwarki ta san abin da likita ya gaya miki?" ya ce a hankali.

Na girgiza kai.

"To mayar da jakar ɗaki kafin ta fito. Ki ce mata ni na hana ki."