Shaidar Mai Walda

Mai Walda yana tsugune a kan wata ƙofar ƙarfe, wuta na tartsatsi a gabansa, wayarsa ta fara ruri karo na uku. Ya kashe inji, ya tura gilashin fuska zuwa goshi, ya duba. Nas ce, sakatariyar ƙungiyarsu ta iyayen yara kurame.

"Shugaba, ina ka shiga tun safe? Takarda ta fito. Za su ɗauke mana Malamin Hannu, su kai shi wata makaranta a bayan gari. Daraktan ilimi ya ce zai gan mu ƙarfe goma sha biyu, minti goma ya ba mu."

Abin da ya fara ji a ƙirjinsa ba ɓacin rai ba ne. Wani sanyi ne, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka. Ya ji kunyar sanyin, amma sanyin bai tafi ba.

"Aiki ne a gabana," ya ce. "Mai ƙofar nan yau zai zo ɗauka."

"Ƙofa? Kai da ka taɓa rufe shago kwana huɗu kana ɗumama benci a ofishin nan? Don Allah bar wasa. Yanzu zan fito daga asibiti, mu haɗu a can."

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyu ya yi yana sintiri a ofishin ilimi. 'Yarsa Auta an haife ta ba ta ji. Da ta kai shekara shida ya sa ta a makarantar gwamnati ta unguwa, aka ajiye ta a bencin baya, ta shekara tana kallon bakin malamai, ko harafi ɗaya ba ta ɗauka ba. Shi ya bi gida-gida ya tattaro iyaye goma masu irin damuwarsa. Shi da bai gama sakandare ba ya koyi rubuta koke da ajiye kwafi. Ya san masinjan da ke kai takarda ciki, ya san wanda ke shimfiɗa ta ya ci abinci a kai. Masu gadi har suna suka sa masa, Ga-shi-nan-kuma. A ƙarshe aka turo musu mai koyar da maganar hannu, wani siririn saurayi mai tabarau, aka share ɗakin ajiyar tsintsiya ya zama aji. Tagogin ajin ma Mai Walda ne ya ƙera.

Kafin zuwan malamin, duk gidan ba mai gane Auta sai ubanta. Suna da alamunsu su biyu, waɗanda suka ƙirƙira a bakin shago. In uwarta ta rasa gane abin da take so, sai ta ce, "A kira Babanta." Yanzu wata goma sha huɗu ke nan, hannun Auta ya yi baki. Tana zuba da sauri kamar mai tsinkar ganye, tana dariya, tana musu. Uwarta na zuwa ajin iyaye duk Asabar, tana bin ta daidai gwargwado. Shi sau biyu ya je. Malam ya kama yatsunsa a gaban mata yana lanƙwasa su, aka yi dariya, bai sake komawa ba. Tsofaffin alamun nan kuwa, in ya yi mata su yanzu, sai ta yi masa murmushin da ake yi wa yaro mai tsamin baki.

Ya biya gida ya wanke hannu. Matarsa na shanya a tsakar gida, ta riga ta ji labari.

"In yarinyar nan ta ji, ban san yadda za mu yi da ita ba," ta ce. Ta dube shi da kyau, rigar makaranta na ɗiga a hannunta. "Baban Auta, ban ga ranka ya ɓaci ba."

"Sai na yi birgima za ki gani?"

"A'a. Na dai san fuskarka in an taɓa ka. Wannan ba ita ba ce."

Ya sa takalmi ya fita. A cikin bas ya tsara abin da zai yi. Ba zai ce a ɗauke malam ba, Allah ya kiyaye. Zai dai yi shiru, ya bar hukuma ta yi aikinta. Shiru ai ba laifi ba ne.

A bencin ofis ya tarar da Nas da fayil ɗinta, da Tela mai 'yan biyu kurame, da wata tsohuwa da suke kira Kaka, mai riƙon jikanta. Malamin Hannu na tsaye a gefe, ya miƙo hannu biyu yana gaishe shi. Hannun laushi kamar na jariri. Mai Walda ya sake shi da wuri.

Darakta mutum ne mai furfura da idanun gajiya. Bai yi musu kwana-kwana ba.

"Yaranku goma sha biyu ne. Can bayan gari yara talatin ne, ba su taɓa ganin malami ba. Malami ɗaya gare ni. In ku ne a kujerar nan, ya za ku yi?"

Nas ta buɗe fayil ta karanto sakamakon jarrabawa. Darakta ya ce ya gani, bai taka kara ya karya ba. Tela ya yi roƙo. Kaka ta yi addu'a. Darakta ya dubi agogo, sannan ya dubi Mai Walda.

"Shugaba, yau lafiya? Shekara biyu ka hana ni shan shayi da zafinsa, yau kuma ka zama ɗan kallo."

"Ranka ya daɗe, duk yadda kuka yi daidai ne."

Nas ta juyo ta zuba masa ido. Malamin Hannu ya gyara tabarau, ya matso.

"Ranka ya daɗe, in an ba ni dama. Yarana ba a jarrabawa za a auna su ba tukuna. Ga Auta misali. Watan jiya ta gaya mini tun tana aji ɗaya wasu yara ke kulle ta a bayan gida lokacin tara, su yi tafiyarsu. Shekara da shekaru tana ɗauke da abin nan, ba ta da wanda za ta gaya wa."

Ba ta da wanda za ta gaya wa. Mai Walda ya ji maganar ta sauka masa kamar tartsatsi a cikin riga. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Yaranka? Kai ka haife su?" Ya juya ga Darakta. "Ranka ya daɗe, tunda tambaya kake me ya yi, bari in gaya maka. Ƙwace mini 'ya ya yi. Da in na dawo daga shago tana bakin ƙofa tana jira na. Yanzu tana ɗaki tana rubutu, ko ɗagowa ba ta yi. Yarinyar da duk abin da na ba ta take karɓa, ran nan na sayo mata takalmi ta ce ba ta son kalarsa, har da dalili! Ta iya tsegumi. Ita da uwarta su zauna a gabana suna yi da ni da hannu, suna dariya, ina zaune kamar baƙo a gidana. Ta iya ƙarya, ranka ya daɗe! Ta fasa kofi ta ce kyanwa ce, ta tsara labarin tun daga shigowar kyanwar har fitarta. Shekara tara ina cewa ba abin da ke cikinta da ban sani ba. Ashe ana kulle ta a bayan gida, ni ina can ina ƙera musu taga. Ba ta gaya mini ba. Sai wannan, da ya zo jiya-jiya!"

Ya koma ya zauna, yana kallon tafin hannunsa.

Darakta ya cire hular biro, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ta ce kyanwa ce," ya faɗa a hankali. "A wata goma sha huɗu." Ya jawo takardar ya yi rubutu a gefenta. "Na dakatar da canjin zuwa ƙarshen shekara. Ban ce na soke ba. Ku nemo iyayen bayan gari, ku haɗa kai, ku rubuto a ɗauki malami na biyu, ni zan kai sama. Shugaba, kai ka san hanyar ai."

A waje Tela ya rungume shi. "Kai, Shugaba, ka iya dabara! Wallahi da farko na ɗauka da gaske kake zagin Malam."

Nas dai ta dube shi ta rufe fayil. Malamin Hannu ya tayar da babur ɗinsa.

"Baba, hau mu tafi. An kusa tashi, kuma yau kai ne da ɗaukar Auta."

"Je ka. Ina da inda zan biya."

Ba inda zai biya. Ya tsaya a tasha, bas biyu suka wuce cike, na uku ya tsaya shan mai. Kafin ya isa makaranta fili ya watse. Auta na zaune a kan dakalin aji da jakarta a cinya, malam na tsugune a gabanta, hannuwansu na kai da kawowa. Ta yi wata dariya mai sauti, irin wadda bai cika ji a gida ba. Kishin nan ya sake taso masa. Ya tsaya daga nesa ya bari ya kwanta.

Da ta hango shi ta miƙe, ta ɗaure fuska, ta watso masa magana da hannu biyu. Malam ya buɗe baki.

"Cewa ta yi..."

"Kar ka fassara." Mai Walda ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tata, ya yi mata alamar ta sake.

Ta sake, da saurin nan dai. Bai kama komai ba. Ya girgiza kai. Ta yi ajiyar zuciya irin ta manyan mata, ta ajiye jaka a ƙasa. A karo na uku ta yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna ƙirjinsa. Ta buga yatsa a wuyan hannunta, inda ake ɗaura agogo. Sannan ta wurga hannu can baya.

Ka makara.

"Na sani," ya ce da baki, ko da yake ba za ta ji ba. Ya ɗauki jakar ya rataya a kafaɗa, ya miƙa mata hannu. Ta ɗaga wa malam ɗaya hannun har suka fita daga ƙofar makaranta.