Faɗin Ɗakin Alhaji Sada

Alhaji Sada ya ci amanar ƙanensa Ɗanliti saboda faɗin ɗaki. Ɗakin ma na kwana bakwai ne, a cikin jirgin ruwan da bai taɓa gani ba sai a waya. Abin da ya yi ke nan, kuma ba shi da wani suna sai cin amana.

Ranar Talata da hantsi yana durƙushe a tsakar gidansa da ke Ƙofar Sauri, da tef ɗin awo irin na magina da guntun gawayi, yana ja wa siminti layi. Mutum mai shekara hamsin da shida, mataimakin darakta a wata ma'aikatar gwamnati, ya naɗe hannun riga yana rarrafe kamar wanda allura ta ɓace wa.

"Maimuna! Zo ki riƙe min bakin tef ɗin nan."

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu a zani, ta taka bakin tef ɗin da ƙafa.

"Ƙafa goma nan, goma sha biyu nan. Kin gani? Wai wannan ne ɗakin. Gado biyu a ciki, da banɗaki, babu ko taga. Ni da Ɗanliti! Akurkin kajinki ya fi shi sarari."

"Alhaji, ba kwana kawai za ku riƙa yi a ciki ba?"

"Ko kwana ai sai da numfashi. Ɗan Adam ba zai yi mako guda a nan ba."

"To Allah ya kyauta. Ni dai miyata na kan wuta."

Asalin maganar shi ne, kamfanin taliyar da suke dillancin kayansa ya zaɓi dilolin da suka fi ciniki a bana ya yi musu kyauta. Kowane shago mutum biyu: Umara ta kwana uku, daga nan a hau jirgin ruwan shaƙatawa a Jidda a yi mako guda a Bahar Maliya. Shagonsu na Ƙofar 'Yandaka na ciki. Alhaji Sada ne ya zuba jarin shagon, wannan gaskiya ne, ba za a hana shi ba. Amma da yake doka ba ta bar ma'aikacin gwamnati ya buɗe kasuwanci ba, sai ya yi rajistar komai da sunan ƙanensa. Ɗanliti kuwa magidanci ne mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya shida. Shekara goma sha ɗaya shi ke buɗe shagon bayan asuba, shi ke rufewa bayan magariba, shi ke tsayuwa a rana a sauke kaya. Alhaji ya je Makka sau uku. Ɗanliti ko filin jirgi bai taɓa shiga ba.

Da komai ya tafi lafiya, ba don wani dila daga Funtua ya tura bidiyo a zauren dilolin na waya ba. Ya nuna ɗakin da ya canza ya karɓa: katon gado, kujerun zama, labule har ƙasa, ga baranda tana kallon teku. Tun daren jiya Alhaji ke maimaita bidiyon.

"Mutumin da ko tirela biyu ba ya saukewa a wata," ya ce yana naɗe tef. "Shi a sama yana shan iska, ni a ƙasa kamar buhun gero. Ba za ta yiwu ba."

Ƙarfe goma sha ɗaya ya isa ofishin shirya tafiye-tafiyen da kamfanin ya damƙa wa aikin. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, wata mai suna Hafsat, ta gaishe shi har da tambayar iyali da gajiyar hanya. Ya amsa a taƙaice ya miƙa mata waya.

"Irin wannan nake so."

"Ana iya canzawa, Alhaji. Amma in za ka ji shawara, waɗanda muka tura bara duk sun ce ɗakin ba a zama cikinsa. Abinci a sama ake ci, akwai wurin salla, kullum jirgi na tsayawa a sauka a zaga gari. Wanda ya biya babban ɗaki ma cewa ya yi sau biyu ya leƙa barandar, iska ta kore shi."

"Shawara na zo nema ko ɗaki?"

Ta ce hanya biyu ce. Ko a biya cikon kuɗin mutum biyu, ta rubuta adadin a takarda ta tura gabansa. Alhaji ya duba, ya ture takardar da ɗan yatsa kamar ta ƙona shi.

"Ta biyun fa?"

"Ta biyun ba a biyan komai. A soke kujerar mutum ɗaya, ɗayan ya tafi shi kaɗai a babban ɗaki. Sai dai Alhaji, mutum ɗayan da zai..."

"Shi ke nan. Ita nake so."

"Ka bari in ƙarasa, ranka ya daɗe. Ƙa'idar kamfanin ita ce..."

"'Yata, shekara talatin ina aikin takarda. Kafin a haife ki nake rubuta ƙa'ida. Ba ni fom."

Ta ba shi. Ta ce wanda sunansa ke kan rajistar shago shi zai sa hannu, kuma ƙarfe huɗu na yau ake rufe sunaye, abin da aka tura ya tafi ke nan. Alhaji ya ninke fom ɗin ya cusa a aljihu. Shafi biyu ne kacal, da Turancin da yake taƙama da shi, amma bai karanta ko layi ɗaya ba. A ransa ya riga ya gama lissafi: ana son hannun Ɗanliti ne don shi za a sauke. Duk Katsina wa bai san shagon na Alhaji Sada ba ne?

Ya biya ta ofis ya yi sallama da abokan aiki, domin hutunsa ya fara tun jiya. Ya nuna musu bidiyon mutumin Funtua ya ce ga irin ɗakinsa. Har masinja sai da aka kira ya gani. Kowa ya ce a tuna da shi a tsaraba.

Sai bayan ƙarfe uku ya isa shago. Tirela na ƙofa ana sauke kaya, Ɗanliti na tsaye da katan a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Yana ganin wansa ya ajiye ya russuna.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya gida? Ya su Hajiya? Shigo daga rana."

Ya ja shi zuwa lungun da yake zama, tsakanin katan-katan da suka kai rufi, ya kakkaɓe masa benci. Bai bari ya zauna sosai ba ya ciro wata leda daga ƙarƙashin tebur.

"Dubi, Yaya. Harami na saya jiya. Malam Aliyu limamin unguwarmu yana koya min yadda ake ɗaurawa, sau uku yana kwance min a gaban yara, suna ta dariya. Fasfo kuwa ga shi nan, ko wanka zan shiga sai na duba yana nan. Maƙwabta duk na bi su na nemi gafara. Wanda ma ban yi wa komai ba na ce ya yafe."

Mai kunya da ya ji wannan ya bar fom a aljihu ya koma gida. Alhaji Sada zaro shi ya yi, ya yi gyaran murya.

"An samu canji. Kamfani ya ce mutum ɗaya kawai za su iya ɗauka."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya faɗe ta yana kallon katan.

Ɗanliti ya dubi ledar da ke hannunsa, ya shafa ta, ya ɗaure bakinta a hankali.

"To, Yaya. Allah bai nufa ba. Ai kai ne babba." Ya karɓi biro ya sa hannu inda aka nuna masa, kamar yadda ya saba sa hannu a duk takardar da wansa ya kawo. "Haramin sabo ne, ka tafi da shi. In ka tsaya gaban Ka'aba ka ambaci sunana."

Alhaji ya karɓi ledar. Har ita ya karɓa.

Da ya fito sai ya tarar tirela ta toshe motarsa, direban kuma ya tafi cin abinci ba a san inda ya shiga ba. Agogo ya nuna huɗu saura ashirin da biyar. Alhaji ya fara zagin direba da masu sauke kaya da wanda ya ƙera tirela.

"Hau in kai ka, Yaya, kada a rufe," in ji Ɗanliti, ya tayar da babur ɗinsa.

Haka suka ratsa gari, ƙane na kutsawa tsakanin keke-napep da masu tura baro don kada wansa ya makara wajen sauke shi daga tafiya. Alhaji na baya da leda a hammata, babbar riga na kaɗawa, yana dukan kafaɗarsa yana cewa ya ƙara wuta.

Huɗu saura biyar suka shiga. Ofishin cike yake da masu jiran takardun Umara. Ɗanliti ya tsaya daga bakin ƙofa. Hafsat ta duba sa hannun, ta dubi mutanen biyu.

"Alhaji, kun dai fahimci juna a kan wanda..."

"Tura! Kina kallon agogo kuwa?"

Ta tura. Bayan ɗan lokaci na'ura ta fito da takarda, ta miƙe ta karanta.

"An tabbatar. Malam Ɗanliti, ɗaki mai baranda, hawa na tara. Allah ya kai ka lafiya."

"Wa?" in ji Alhaji.

"Malam Ɗanliti. Kyautar ta mai rajistar shago ce, kai ɗan rakiya ne. Kujerar ɗan rakiya ake sokewa. Yana nan a layin farko na fom. Sau uku ina son in gaya maka."

"Shagon nawa ne! Kowa ya sani!"

"To sai dai ka rubuta wa kamfani cewa naka ne, ka sa hannu, ka sa sunan ma'aikatarku."

Wannan takardar ita ce wadda Alhaji ya yi shekara goma sha ɗaya yana gudun rubutawa.

"A dawo da shi yadda yake. Mutum biyu, ƙaramin ɗaki. Ai kwana kawai ake yi a ciki."

"Huɗu ta wuce, Alhaji."

Ɗanliti ya matso, fuskarsa duk a rikice. Ya dubi Hafsat.

"Malama, ashe ba kamfani ne ya ce mutum ɗaya ba?"

Hafsat ta sunkuyar da kai tana gyara takardu. Ɗanliti ya daɗe yana kallon wansa, irin kallon da bai taɓa yi masa ba tun suna yara. Duk da haka da ya yi magana a russune ya yi ta.

"Yaya, in ka ce kada in je, ba zan je ba."

"In bai je ba kujerar ta mutu gaba ɗaya," in ji Hafsat.

Wata tsohuwa da ke zaune a benci da carbi ta ɗago kai. "Yau ga ikon Allah. Wa ke hana mutum zuwa ɗakin Allah? Kai Alhaji, kai ne za ka hana shi?"

Idanu kusan ashirin suka sauka a kan Alhaji Sada. A cikinsu har da wani da suke salla a masallaci ɗaya.

"Ni na ce zan hana shi?" ya ce da ƙyar. "Ya je mana."

Ɗanliti ya miƙa hannu biyu. Alhaji ya ɗauka gaisuwa ce, ya miƙa nasa.

"Haramin, Yaya."

Ranar Asabar Ɗanliti ya tashi. Ya yi Umararsa, ya hau jirgi. Ya turo wa iyalinsa hoto ɗaya a baranda, ya ce ɗakin ya yi masa yawa, a kan darduma yake kwana gefen gado, kuma yini yake a sama tare da jama'a.

Shago kuwa ba a rufe shi ana tsakiyar ciniki, kuma babu mai zama sai Alhaji. Abokan aikinsa sun san yana teku, titin shagon kuma shi ne hanyarsu ta zuwa ofis, don haka bai iya zama a bakin ƙofa ba. A lungun Ɗanliti ya yi kwana goma na hutunsa, bayan katan-katan, tun daga asuba har magariba. Lungun ƙafa huɗu ne da ƙafa shida, kuma ba shi da taga.