Bakin Bargon Mufida

Ni da Adda Asta, maƙwabciyata a Sintali, ba mu taɓa sa-in-sa ba sai a kan bakin bargo.

'Yarta Mufida aka tura koyarwa Gembu, can kan dutse inda sanyi ba ya wasa. Asta ta tattaro tsofaffin zannuwanta, har da zanen da ta goya yarinyar da shi, ta kawo shagona. Na yayyanka, na harhaɗa a keke, na shimfiɗa auduga a tsakiya. Bargo ya yi kyau, ni kaina da na ɗinka sai da na tsaya kallo. Saura bakin kawai, ga shi washegari motar za ta tashi.

Na ce, "Kawo in bi shi da keke, kafin ki shanye kunun nan na gama."

"A'a, Maman Paul. Keken naki yana barin zare a waje kamar layin tururuwa. Baki da hannu ake yi."

"Hannu? Ke da ba kya ganin kafar allura?"

Ta kai hannu tana shafa ƙyallen zanen goyon da ke jikin bargon. Raina ya sosu, don na gane ba kekena ta raina ba. Ba ta son 'yarta ta tafi da bargon da babu hannun uwa a jikinsa.

Sai muka raba aiki. Na kama ƙyallen bakin ta gaba da keke, ita ta naɗo shi ta baya tana kalmasawa da hannu. Mufida na gefe tana zura mata zare. Ashe Asta ba da ido take ɗinki ba, da yatsa take lalube, kuma ko ka ƙura ido ba ka ganin zaren. Sai dai tafiyar hawainiya! Muka ci gyaɗa, muka yi gulmar rabin unguwa, muka yi dariya har da hawaye.

Rana ta yi sanyi, saura taƙi ɗaya, sai ta ƙulle zare ta tsinke.

Mufida ta nuna ni ta ce, "Dada, kin gaji ne? Bari Anti Mabel ta ƙarasa."

"Ba wanda zai taɓa. Wurin nan zai riƙe har Sallah. In ya fara buɗewa, kin san inda mai gyara yake."

Mufida ta kifa kai a cinyar uwarta. Ni da ban taɓa sallamar aiki rabi ba, ni na ninke bargon da hannuna na cusa a jaka, kuma wallahi ban ji haushi ba.

Allurar tana nan soke a labulen ɗakin Asta, da sauran zarenta. Jiya na tarar tana shafa ta, ta ce in duba mata ko ta yi tsatsa.