Taku Huɗu a Sirakus

Da Kyaftin Jotham Burrage ya mutu, jaridun Boston sun cika shi da yabo: shekara talatin da ɗaya a sojan ruwa, jirage uku ya jagoranta. Duk gaskiya ne. Amma ni ne likitan jirgin da ya fara zama hafsa a cikinsa, kuma na san ranar da hanya ta buɗe masa. Ba rana ce da nake son tunawa ba.

Jotham ɗan masunta ne daga Marblehead. Daga jan igiya ya taso har ya samu kujera a teburin hafsoshi, inda sauran duk 'ya'yan masu hali ne da iyayensu suka samo musu muƙami da wasiƙa. Matarsa Keziah 'yar ɗarikar Kwaka ce, mutanen da ba sa ɗaga hannu a kan ɗan Adam, kuma danginta sun yafe ta saboda ta auri soja. Abu ɗaya ta roƙe shi. Yaƙin kare ƙasa ta haƙura da shi, amma ya rantse ba zai taɓa tsayawa bindiga da bindiga da wani ba don wai kare mutunci. Ya rantse mata.

A shekarar 1803, muna kusa da Sisili, guguwa ta kama mu. Laftana Peyton Harwell ne ke kan aiki, ɗan wani mai gonar taba a Virginia, shekararsa ashirin da biyu. Ya daskare a tsaye, ko umarni ɗaya ya kasa bayarwa. Jotham ne ya fito ya sa aka sauke filafilai, zannuwan da iska ke tura jirgi da su, kafin ta karya mana itacen da ke riƙe su. Da kyaftin ɗin jirgin ya tambaye shi yadda aka yi, sai ya faɗi abin da ya gani, don shi bai iya kwana-kwana ba.

Washegari muna cin abinci Harwell ya ajiye cokali ya dubi Jotham.

"Kai, ɗan masunta. An ce ka ce na tsorata."

"Na ce ka tsaya. Ban shiga zuciyarka ba."

"To ni na ce maƙaryaci ne kai. Ka ji, ko ƙarnin kifi ya toshe maka kunne?"

A wurinmu, hafsan da aka kira maƙaryaci a gaban mutane dole ya aika da takardar ƙalubalen fito-na-fito da bindiga kafin rana ta faɗi. Jotham ya ci gaba da tauna busasshen biskit ɗinsa. Rana ta faɗi, bai aika ba.

Daga nan babban laftana Winslade ya yanke cewa ba mai ƙara yi masa magana sai ta aiki. In ya zauna, a janye kujeru. In ya yi gaisuwa, a dubi bango. Wata biyu ana haka, kuma ina jin kunyar faɗa, har da ni. Mutumin da ya taɓa riƙe mini majinyaci ina yanke masa ƙafa, na riƙa wuce shi kamar ban san shi ba. Ƙananan sojojin jirgi kuwa idonsu biyu. Hafsan da 'yan'uwansa suka raina, wa zai ji tsoronsa? In Jotham ya ba da umarni, sai a yi ta jan ƙafa ana tari.

Da muka tsaya a garin Sirakus na Sisili kyaftin ya kira Jotham ɗakinsa, ina wurin ina haɗa masa magani.

"Burrage, ban da kamar ka a jirgin nan. Amma ba zan riƙe hafsan da ba a jin maganarsa ba."

"Yallaɓai, doka ta hana abin da suke so in yi."

"Na san doka, ni nake karanta muku ita. Ni ban ce ka yi komai ba. Nan da Lahadi, ko ka gyara zamanka da su, ko ka tuɓe kakin ka koma kamun kifi."

Gaba kura, baya sayaki. Shekara goma sha huɗu ya yi yana hawa zuwa wannan kujera. Sai ya yi wata dabara da yake ganin za ta fisshe shi: zai aika da takardar, ya tsaya, ya harba sama. Hafsoshi su samu abin da suke so, alkawarin Keziah kuma ya tsira ko da rabi ne.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a wani tsohon ramin fasa dutse bayan gari. Winslade ya auna taku goma. Harwell ya harba, harsashin ya bugi dutse. Jotham ya ɗaga bindiga sama ya saki, har ya fara murmushi.

Ɗan masunta bai san cewa a wurin 'ya'yan manya wannan zagi ne da ya fi na farko ba. Ma'anarsa abokin karawarka bai isa ma ka ɓata harsashi a kansa ba.

"Raini ke nan," in ji Winslade. "A sake. Taku huɗu."

"Na haƙura, Winslade," Harwell ya ce, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ba kai kaɗai ya zaga ba. Tsaya a nan."

A taku huɗu ko makaho ba ya kuskure. Jotham ya dube ni. Da na buɗe baki na ce a matsayina na likita ban yarda ba, wataƙila da an tsaya. Na sunkuyar da kai ina gyara jakata. Bindigar Harwell ta ƙi tashi. Ta Jotham ta tashi, harsashin ya samu Harwell a ƙasan cibiya.

Da la'asar Harwell ya cika a hannuna. Da na shiga ɗakin cin abinci na tarar an jawo kujeru kusa da Jotham, Winslade da kansa yana zuba masa giya yana kiransa ɗan'uwa. Na zauna kusa da shi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

"Ya sha wuya, Likita?"

"Ya sha."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce a faɗa maka ba ka yi ƙarya ba. Ya ce lallai ya tsorata ranar guguwar."

Jotham ya daɗe yana kallon kofin.

"Ka bar maganar a cikinka," ya ce. "Yana da uwa."

Winslade ya buga tebur ya ce kowa ya miƙe a sha don lafiyar Laftana Burrage. Muka miƙe. Jotham ma ya miƙe, hawaye na zubo masa, ya shanye kofin.